Littafin shirin kai Baba hawan dogon Bernina

Lahadi, 6 ga Afrilu 2025

Na buɗe littafin nan ne don kada lissafi ya kufce mini. Baba zai zo mana Freiburg, nan Jamus, bayan Babbar Sallah in Allah ya yarda, ya yi wata guda, ya ga jikarsa Ummi da bai taɓa ɗauka ba. Abu ɗaya ya roƙa: a sa shi a jan jirgin nan mai hawa dutse da ya gani a wayar ƙanena. Bidiyon na ranar 29 ga Oktoba 2022 ne, ranar da kamfanin Rhätische Bahn na Suwizalan ya haɗa tarago 100 a jirgi ɗaya, tsawonsa ya kusa kilomita 2, ya gangaro da shi daga Preda. Mutumin da ya yi shekara 31 a reluwe tsakanin Zariya da Kafanchan da Minna ba zai ga wannan ya manta ba.

Mu huɗu ne: Baba mai shekara 73 da ciwon gwiwa, ni, Maman Ummi, sai Ummi mai shekara 4. Tsarin da na zana yau na kwana uku ne. Ranar farko Freiburg zuwa Zermatt. Ta biyu jirgin yawon buɗe ido na Glacier Express zuwa St. Moritz, awa 8. Ta uku layin Bernina zuwa Tirano a Italiya, daga can Milan, daga Milan gida. A takarda ya yi kyau matuƙa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na ƙirga canjin jirgi a tsarin nan, na samu 11. Guda 5 a cikinsu manhaja ta ba da ƙasa da minti 10. Maman Ummi ta duba ta ce, "Wannan ai tafiyar samari ce." Ban amsa ba, don na san gaskiya ta faɗa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Dusar ƙanƙara mai yawa ta sauka a yankin Valais ranar Alhamis, Zermatt ta yanke daga ko'ina, ba jirgi ba wuta. A Yuni da wuya a ga irin wannan, amma labarin ya sa na sake zama a kan tsarin, kuma na cire Glacier Express ɗungurungum. Ba don ba shi da kyau ba. Kilomita 291 ne, gada 291, rami 91 ta cikin dutse, yana hawa mashigar Oberalp mai mita 2,033. Amma awa 8 a kujera ɗaya ga mai ciwon gwiwa da yarinya ƙarama wahala ce, ga kuɗin kama kujera kusan faran 50 na Suwizalan kowane mutum, ban da tikiti. Kuma abin da Baba ya gani a bidiyo yana kan layin Albula ne, wanda jirgin yau da kullum yake bi kowace awa daga Chur.

Milan ma ta fita. Saura Albula da Bernina, layuka biyun da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Kwana biyu: Asabar mu tashi da asuba daga Freiburg har Poschiavo, Lahadi mu leƙa Tirano mu juyo.

Talata, 22 ga Afrilu

Na kwatanta tikiti. Swiss Travel Pass na kwana 3 ya haura faran 240 ga babba ɗaya, ya fi ƙarfin tafiyarmu. Saver Day Pass, tikitin yini mai rangwame, yana farawa daga faran 52 idan an saya da wuri, yana tsada yayin da rana ke matsowa, kuma yana aiki har Tirano. Na sayi uku na Asabar 14 ga Yuni a kan faran 61 kowanne, jimla 183. Na Lahadi sai albashi ya shigo. Ummi ba ta biya, ƙasa da shekara 6 kyauta ne.

Asabar, 3 ga Mayu

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau na bi hanyar ni kaɗai har Pontresina na dawo. Kafin nan na sa ƙanena ya auna mini tafiyar Baba daga ƙofar gida zuwa masallaci ba tare da ya sani ba: mita 200 ne, yana yi a minti 6. Da wannan takun na yi tafiya a kowace tasha, ina jan akwati da na cika da littattafai, agogo a hannu.

Tun daga gida aka fara. Jirgin da ya taso daga arewa ya iso Freiburg da lattin minti 25. Na riga na ji cewa masu dogon Suwizalan ba sa barin jirgin da ya makara ya shiga ya hargitsa musu jadawali, yau na gani da idona: a Basel, kan iyaka, aka ce kowa ya sauka, nan jirgin ya tsaya. Wanda ya kamata ya kai ni Chur ya daɗe da tafiya. Awa guda ta salwanta tun ban ga dutse ko ɗaya ba, kuma dole na canja a Zurich, abin da ba ya cikin tsari.

Zurich ta ba ni tsoro. Layukan sama a nan suke ƙarewa, jirgi yana shiga da kai ya tsaya, wanda yake taragon baya sai ya taka tsawon jirgin duka kafin ya zagayo wani dandamali, sai fa in ya bi matakala ta ƙarƙashin ƙasa. Jadawali ya ba ni minti 10 da 'yan kai. Da takun Baba na isa ƙofa tana rufewa. Da Ummi tana tare da mu ta tsaya kallon tantabara, shi ke nan.

Chur kuwa, wadda ta hana ni barci saboda minti 6 kacal da aka rubuta, ita ce mafi sauƙi. A nan babban dogo yake haɗuwa da ƙarami mai faɗin mita ɗaya, dole kowa ya canja. Na sauko, jan jirgin St. Moritz yana tsaye a ɗaya gefen dandamalin da nake kai. Taku ashirin. Minti 6 ya ishi Baba har ya tsaya ya duba ƙafafun jirgin. Tun 1982 ƙasar take tafiya a kan jadawalin da ke maimaita kansa kowace awa, an tsara jirage su haɗu a manyan tashoshi, shi ya sa gajeren canji a wurinsu ba ganganci ba ne. Abin da na koya yau shi ne yawan mintocin ba ya gaya maka komai sai ka san ko akwai matakala a tsakani.

Matsala ta gaske tana sama. Hanya mafi sauri da manhaja ke bayarwa ita ce a sauka a Samedan, a shiga wani jirgi na 'yan mintoci zuwa Pontresina, a sake sauka a tari na Bernina da ya taso daga St. Moritz. Canjin Samedan bai kai minti 5 ba, na Pontresina bai kai 10 ba. Na samu duka biyun, amma a Samedan sai da na bar takun Baba na ɗaga ƙafa. Da jirgin Bernina ya iso Pontresina kuma kujerun taga na dama duk da mutane.

Gadar Landwasser na gan ta, dab da Filisur, mita 65 daga ruwa, tana lanƙwasa ta shige cikin bangon dutse kai tsaye. Mai tahowa daga Chur ta dama zai zauna. Ban ɗauki hoto ba, kuma ba zan ba Baba labarinta ba. Ina so ya fara ganinta da idonsa.

Kuɗin gwaji: tikitin yini faran 79 saboda na saya a kurarren lokaci, Freiburg zuwa Basel da dawowa yuro 31, shayi ɗaya faran 5. Na shigo gida sha ɗaya na dare.

Litinin, 5 ga Mayu

Na kira Baba na karanta masa duk canjin. Ya saurara har na gama, sai ya tambaya, "Shi na Berninan daga ina yake tasowa?" Na ce St. Moritz. "Wanda ka shiga a Chur ina yake ƙarewa?" Na ce St. Moritz. Ya ce, "To me ya kai ka sauka a hanya? Mai tsoho da kaya daga inda jirgi ya taso yake shiga."

Haka ne kuwa. Idan muka zarce St. Moritz canji biyu sun koma ɗaya, jirgin yana tsaye babu kowa, mu zaɓi kujerun dama a natse. Za mu bar na farko ya tafi, mu zauna bakin tafkin da ke ƙasan tashar mu ci abinci, mu shiga na bayansa. Awa guda muka ƙara a hanya. Wata guda ina fama da manhaja, ita sauri kawai ta sani.

Ya tambayi faɗin dogon, na ce milimita 1,000. Ya ce nasu 1,067 ne, ashe bambancin bai kai tafin hannu ba. Ya tambayi gangaren, na ce a Bernina yana kai mita 7 a kowace mita 100, kuma ba haƙora a tsakiyar layin, ƙafa da ƙarfe ne kawai. Ya yi shiru, sannan ya ce a zamaninsu hawan Kafanchan zuwa Jos ma sai direba ya yi da gaske. Da na ce an gama Bernina a 1910, ya ce shekara ɗaya ke nan kafin dogo ya iso Kano. Daga nan ya shiga labarin ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, wanda kakanmu ya hau. Mun yi minti 50 a waya.

Na kuma yanke shawarar kwana a Chur daren farko. Jirgin Jamus ba zai sake riƙe mana wuyan ranar hawan dutse ba. Tafiya ta koma kwana uku.

Alhamis, 15 ga Mayu

Rana mara daɗi. An ɗage ranar da Baba zai kai takardun biza zuwa 2 ga Yuni. Ko da komai ya tafi daidai, ba zai iso kafin 14 ga wata ba. Saver Day Pass na rana ɗaya ne takamaimai, ba a canja masa rana, kuma da wannan sharaɗin na saya, yana rubuce a gabana. Faran 183 sun tafi, kusan cefanen sati biyu a gidan nan. Na yi gaggawa don in tsira da faran 10 ko 20 a kan kowane tikiti, na rasa duka. Maman Ummi ba ta ce komai ba sai "Allah ya mayar da alheri," wannan ya fi yi mini nauyi.

Daga yau ba na sayen abin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Ɗakunan kwana zan kama waɗanda ake sokewa kyauta, ko sun ɗan fi tsada.

Talata, 20 ga Mayu

Ba labari. Na soke ɗakin Poschiavo, ba a cire komai ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Jiya daskararriyar ƙanƙarar Birch ta rufto da duwatsu ta binne mafi yawan ƙauyen Blatten a kwarin Lötschental. An riga an kwashe mutanen ƙauyen, kusan 300, kwanaki kafin abin ya faru. Hajiya ta ji a rediyo ta kira tun da safe: "Can za ka kai mini shi?" Na yi mata bayani cewa Blatten tana Valais, mu kuwa Graubünden za mu, gabas can, tsakaninsu tafiyar sa'o'i ce. Ta ce dutse ai dutse ne.

Ban iya musa mata da zuciya ɗaya ba, don layin Albula yana bi ta ƙasan wani ƙauye mai suna Brienz, tsakanin Tiefencastel da Filisur, wanda dutsen da ke kansa yake motsi. An kwashe mutanensa a Mayun 2023, a Yunin shekarar dutsen ya zubo ya tsaya dab da makarantar ƙauyen, aka sake kwashe su a Nuwamban 2024. Ana sa ido a kansa dare da rana da na'urori, idan ya motsa ana tsayar da jirgi. Haɗarin da na fi hange a kanmu shi ne a rufe layin ranar da muka zo. Don haka na rubuta hanya ta biyu: Chur zuwa Landquart, zuwa Klosters, a bi ramin Vereina mai kilomita 19 da aka buɗe a 1999, a ɓullo kwarin Engadin a haura St. Moritz. Za mu rasa Landwasser da zagayen da dogo ke yi cikin dutse a Bergün, amma Bernina tana nan. Na gaya wa Hajiya duk wannan dalla-dalla. Ta ce za ta yi sadaka ranar.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. Baba ya kai takardu ranar Litinin. Jira.

Laraba, 18 ga Yuni

Alhamdu lillahi, biza ta fito. Zai sauka Frankfurt ranar 3 ga Yuli. Na tsayar da Talata 8 zuwa Alhamis 10 ga Yuli, tsakiyar mako, don gudun cunkoson Asabar.

Talata: Freiburg zuwa Chur da rana, a jirgin da ke zarcewa daga Basel ba canji a Zurich. Na bar minti 40 a Basel. Laraba: Chur zuwa St. Moritz, awa 2, hutun awa guda, sai Bernina. Za mu wuce Morteratsch, mu bi gefen farin tafkin Lago Bianco, mu ratsa Ospizio Bernina mai mita 2,253, tasha mafi tsayi a layin. Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato jirgi zai kai Baba kusa da ƙololuwar ƙasarsa yana zaune. Mu sauka a Alp Grüm, mu yi awa guda muna kallon ƙanƙarar Palü, mu gangara Poschiavo. Alhamis: Tirano da safe ta gadar Brusio mai zagaye, inda jirgi ke bi ta ƙarƙashin kansa, sai Bernina Express na rana ya dawo da mu Chur a zama ɗaya na awa 4.

Na so mu kwana a Alp Grüm, akwai masauki a cikin ginin tashar kuma mota ba ta zuwa wurin. Amma mita 2,091 ne, likitan Baba ya ce da hawan jininsa ya wuce ta sama da rana ba laifi, kwana kuwa a yi a ƙasa. Poschiavo mita 1,014 ce, ba ta ma kai Jos ba.

Abin da na biya yau: tikitin yini na Laraba faran 70 sau uku, na Alhamis 79 sau uku, jimla 447. Kujeru huɗu a Bernina Express sun tasar wa faran 150, na kama wa Ummi tata don kada ta zauna a gwiwar kakanta awa 4. Ɗaki biyu a Chur faran 290, a Poschiavo 260. Basel zuwa Chur na ranar farko na sayi cikakken tikiti wanda bai ɗaure mu da jirgi ɗaya ba, ya fi mai rangwame tsada, amma na riga na ga abin da Basel ke yi.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ƙananan abubuwa. Na roƙi Baba kada ya sako kilishi a jaka, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje, za a karɓe a filin jirgi. Bai ji daɗi ba. Maman Ummi za ta yi dambun nama a nan, daga Jamus zuwa Suwizalan an yarda da kilo ɗaya ga kowane mutum.

Layin wayata ba ya aiki kyauta a Suwizalan tunda ba ta cikin Tarayyar, don haka na buga jadawalin a takarda, kowane jirgi da na bayansa. Fasfo a jiki kullum: ƙasar ta shiga Schengen, yankin da ake ƙetare iyaka ba duba fasfo, tun Disamban 2008, amma Jamus tana duba takardu a wannan iyakar tun Oktoban 2023.

Salla: za mu yi ƙasaru. Ranar Laraba mu haɗa Azahar da La'asar a Poschiavo, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara. Ranar Alhamis mu haɗa su a Tirano kafin mu shiga jirgi. Alƙibla kudu maso gabas ce, sai na tuna wa Baba, ya saba da gabas.

Asabar, 5 ga Yuli

Baba ya iso lafiya shekaranjiya. Ummi ta ƙi zuwa wurinsa yini guda, yanzu kuwa "amaryata" yake kiranta tana amsawa.

Yau na kai shi tashar Freiburg mu gwada. A fili takunsa ya fi yadda aka auna mini. Matakala ce matsala, musamman saukowa: tsani ashirin da 'yan kai ya ɗauke shi kusan minti 3, yana riƙe da ƙarfe. Lif kuma sai da muka jira masu keke biyu da mai keken jariri. Na sake bin takardata na yi wa kowace tasha alamar inda lif yake. Jiragen Albula na yanzu suna da ƙofar da ke daidai da dandamali, amma wasu tsofaffin taragan Bernina sai an taka tsani mai tsayi. Su ne kuma masu tagar da ake saukewa, abin da Baba yake so, don ya ce yana son ya ji kukan ƙafafun a kwana. Ni zan shiga gaba in miƙo hannu, Maman Ummi a bayansa.

Ya karɓi jadawalin ya sa tabarau, ya bi shi da biro layi-layi kamar yana bakin aiki. Ya tsaya a kan Bergün zuwa Preda, ya ce lokacin ya yi yawa ga wannan 'yar tazara. Na ce jirgin yana hawan mita 400 da 'yan kai a kilomita 12 da rabi, yana murɗawa cikin dutse yana fitowa a saman inda ya shiga. Ya zana abin da yatsa a kan tebur har sau biyu, ya ce a wurin nan kada kowa ya yi masa magana.

Gyara ɗaya ya yi. A dawowa na bar minti 15 a Chur bayan Bernina Express. Ya ce jirgin da ya yi awa 4 a layi ɗaya tilo yana jiran na gaba a kowace mahaɗa, ba a ɗaura masa minti 15. Na mayar da mu jirgin bayansa. Za mu shiga gida wajen sha ɗaya na dare.

Litinin, 7 ga Yuli

Layin Albula a buɗe yake zuwa yammacin nan, zan sake dubawa gobe da daddare daga Chur. Hasashen Laraba: rana da safe, hadari bayan Azahar a saman Bernina. Idan gari ya rufe tun muna St. Moritz, za mu fasa hutun awa guda mu shiga jirgin farko, Alp Grüm kuma mu gan ta ta taga.

Kaya sun koma akwati ɗaya da jakar baya. Rigar sanyi uku da ta Ummi a sama, maganin Baba a aljihunsa ba a akwati ba, tare da kati mai lambata da sunan masaukanmu biyu. Mun yi ƙa'ida a gaban kowa: ba wanda zai sa ƙafa a jirgi sai Baba ya shiga, in ƙofa ta rufe mu jira na gaba. Wasu ƙananan tashoshin sai an danna maɓalli jirgi yake tsayawa, Ummi ta ce aikinta ne.

Jimlar abin da ya fita zuwa yau, har da asarar Mayu da ranar gwaji, ta haura faran 1,500. Dambu yana kan wuta. Baba ya goge takalminsa, ya ciro tsohon agogonsa na aiki ya saita shi da na tashar Freiburg tun ranar Asabar. Jirginmu sha ɗaya da 'yan mintoci, ya ce goma ta same mu a dandamali.